SOKE AIKI A ƘURARREN LOKACI: WA ZAI BIYA MAI SHARA RANARSA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da wani matashi cikin ɗaliban karatun dare ya kawo mini a garin Ƙanƙara bayan sallar Isha'i. Wannan bawan Allah yana da 'yar ƙaramar sana'a ta share-share da goge-goge. Shi da samari 2 da mata 3 suke aikin, kuma matan nan duk daga cikin waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu ne, suka dawo cikin gari suna neman abin sakawa a bakin salati. Wani mai hali ya kira shi ya gyara masa sabon gida kafin a zo yi wa amarya jere: a kankare fenti da sumuntin da magina suka bari a kan tayil, a wanke tagogi da banɗakuna, a yi feshin maganin ƙwari. Suka yi jinga, suka tsayar da ranar Alhamis. Saboda wannan alkawari ya mayar da wani aikin da aka kira shi a Malumfashi a rana guda ɗin. Ranar Laraba ya sayi omo da sinadarin wanke tayil da maganin feshi, ya yi magana da 'yan garuwa su kawo ruwa kura 2, ya gaya wa ma'aikatansa su yi sammako. Da hantsi suna ƙofar gida da bokitai da tsintsiyoyi sai maigidan ya leƙo ya ce: "Af! Ai na manta ban kira ka ba. Ƙannen uwargida sun taru jiya sun yi aikin. Ka yi haƙuri, Allah bai yi ba." Ya juya ya shige, ko kuɗin babur bai ba su ba.

Tambayar matashin ita ce: "Malam, shin ina da wani haƙƙi a kan mutumin nan? Kuma idan nan gaba na karɓi kafin alƙalami, mutum ya fasa, ya halatta in riƙe, ko kuwa haram zan ci?" Na ga cewa amsar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ta shafi mai wanki da guga, da mai wanke dardumar masallaci da ta falo, da mai yasar rijiya da masai, da mai wanke tankin ruwa, da matan da ake ɗauka wanke-wanke ranar biki ko suna, tun daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa. Ta kuma shafi mu da muke ɗaukarsu aiki, domin mafi yawanmu a ɓangaren masu sokewa muke.

RANAR MAI ƘODAGO ITA CE HAJARSA

Abu na farko da ya kamata mu fahimta shi ne, mai sayar da masara a kasuwar Sheme idan mai ciniki ya fasa, buhunsa yana nan, zai ɗaure bakinsa ya kai wata kasuwar. Amma mai shara ba buhu yake sayarwa ba. Abin da yake sayarwa shi ne ƙarfinsa a cikin wani lokaci ƙayyadadde, lokaci kuwa idan ya wuce ba a ajiye shi a rumbu. Ranar Alhamis ɗin da ta faɗi ba tare da aiki ba ta tafi ke nan har abada. Malaman fiƙihu sun gane wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka bayyana ijara, wato ɗaukar haya ko ɗaukar ma'aikaci, da cewa sayar da amfani ne, kuma mafi yawansu suka ɗauki amfani a matsayin dukiya kamar yadda hatsi da dabba suke dukiya.

Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, an yi jingar aiki a kan naira 40,000. Mai sana'a ya kashe 9,000 a kan kayan wanki da maganin feshi, 3,000 a kan ruwa, 4,000 a kan sufuri, ya kuma yi wa ma'aikata 5 alkawarin 3,000 kowannensu. Ka ga abin da zai rage masa 9,000 ne idan komai ya tafi daidai. To idan aka soke da safe fa? Omo zai iya jiran wani aikin, amma ruwan da aka riga aka juye da man da babur ya sha ba sa dawowa, ma'aikata kuma suna tsaye suna kallonsa, ga aikin Malumfashi ya riga ya tafi hannun wani. Ba tsuntsu ba tarko. Kuma kowa ya san tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura, har ta wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024. Saboda haka zirga-zirgar banza wadda a da ake iya yafewa da murmushi, yanzu tana iya cinye ribar mako guda.

Kuma wanda ya fi kowa shan wuya shi ne na can ƙasa. Matar da ta bar 'ya'yanta ba karin kumallo da fatan za ta dawo da kuɗin awo, ita ce za ta koma hannu rabbana. Wannan shi ne kashin dankali, babba ya danne ƙarami. Maigidan da ya ce ya manta, mantuwarsa ba ta rage masa ko loma guda ba, amma ta hana tukwane 5 hawa murhu a wannan rana.

MATSAYIN ALKAWARI DA ƘULLA YARJEJENIYA

Babu Musulmin da bai san girman alkawari ba. Suratul Ma'ida da umurnin cika ƙulle-ƙullen yarjejeniya ta buɗe, har ma wasu malamai suna kiranta Suratul Uƙud saboda haka. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hadisin da ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafuki. Sai dai kash! Da yawa daga cikinmu muna ganin wannan gargaɗi ya shafi alkawari tsakanin manya ne kawai, ban da wanda aka yi da mai tsintsiya. Alhali kuwa Shari'a ba ta auna nauyin alkawari da girman rigar wanda aka yi wa shi ba.

Bayan wannan, abin da ya gudana tsakanin matashin nan da maigidan ya ma wuce alkawari kawai. An ambaci aiki, an yanke lada, an tsayar da rana, kowa ya ce ya yarda. Wannan ijara ce cikakkiya, kuma mazhabobi 4 sun haɗu a kan cewa ijara ƙulli ne lazimi, ma'ana idan ta ƙullu ɗaya ba ya da ikon warware ta shi kaɗai don ganin dama. Ba a sharɗanta takarda ba kafin ta ƙullu, magana ta baki ta wadatar. Malamai sun kuma raba ma'aikaci gida 2. Akwai wanda aka keɓe lokacinsa ga mutum guda, kamar wanda ka ɗauka ya yi maka aiki daga safe zuwa La'asar, suna kiransa ajirun khas. Akwai kuma wanda yake karɓar aikin mutane da yawa a lokaci guda, kamar mai wanki da guga a shagonsa, suna kiransa ajirun mushtarak. Na farkon yana cancantar ladarsa da zarar ya miƙa kansa a lokacin da aka yi da shi, ko da wanda ya ɗauke shi bai sa shi komai ba, matuƙar dai ba shi ne ya ƙi aikin ba. Wanda ya zo ƙofar gidanka da mutanensa da kayan aikinsa a ranar da ka keɓe, ka kuwa san ya miƙa kansa.

Ko da ma mun sauko mun ce ba a kai ga ƙulla ijara ba, alkawari ne kawai, to mazhabar Imamu Malik da muke karantawa a zaurukanmu tana da magana mai ƙarfi a nan. Abin da ya shahara a cikinta, wanda aka ɗauko daga Ibnul Ƙasim da Sahnun, shi ne alkawari yana zama dole har a gaban alƙali idan an rataya shi ga wani dalili, kuma wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi. Imamul Ƙarafi ya tattauna mas'alar a littafinsa Al-Furuƙ, Imamul Haɗɗab kuma ya keɓe littafi guda a kan ɗora wa kai nauyi, mai suna Tahrirul Kalam. Kan wannan ra'ayi ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na 5 a Kuwait cikin Disamba 1988, inda ta ƙara da cewa wanda ya saɓa ba da uzuri ba, ko dai ya cika, ko ya biya cutarwar da ta auku a zahiri. To wace ɗawainiya ta fi ta wanda ya sayi kaya, ya tara mutane, ya mayar da wani aikin, duk saboda maganarka?

HUKUNCIN ALƘALI SHURAIHU

Kada mai karatu ya ɗauka cewa biyan diyyar soke aiki wata dabara ce da muka aro daga kamfanonin Turai. Imamul Bukhari ya kawo a Kitabush Shuruɗ na Sahihinsa, daga Muhammadu ɗan Sirin, labarin wani mutum da ya sa mai hayar raƙuma ya shirya dabbobinsa, ya kuma ɗora wa kansa biyan dirhami 100 idan ranar da suka tsayar ta zo bai yi tafiyar ba. Rana ta zo bai fita ba. Da maganar ta je gaban Shuraihu, alƙalin Kufa wanda Sayyidina Umar (R.A.) ya naɗa, sai ya tabbatar masa da sharaɗin, bisa hujjar cewa shi ya ɗora wa kansa da yardarsa, ba wanda ya tilasta shi.

Dubi yadda mas'alar ta yi daidai da tamu. Mai raƙuma ya ɗaure dabbobinsa, ya hana su ga wasu matafiya, ya yi musu harawa, ya jira. Mai shara ya ɗaure ranarsa, ya hana ta ga wasu, ya sayi kayan aiki, ya jira. Da wannan hukunci na Shuraihu malaman zamani suka kafa hujja wajen halatta abin da suke kira sharɗul jaza'i, wato sharaɗin biyan diyya ga wanda ya saɓa. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta amince da shi a zamanta na 12 a Riyad a shekarar 2000, tare da iyakoki masu muhimmanci: ba ya shiga inda asalin abin da ke kan mutum bashi ne, domin ƙari a kan bashi riba ne, diyyar tana tsayawa ne a kan asarar dukiya ta haƙiƙa da ribar da aka tabbatar za a samu ta kuɓuce, ba a aiki da shi idan saɓawar ta zo ne daga abin da ya fi ƙarfin mutum, kuma kotu tana da ikon rage shi idan an wuce gona da iri.

KAFIN ALƘALAMI DA SAƁANIN MALAMAI

Yanzu sai rabi na biyu na tambayar, wato riƙe kafin alƙalami, wanda Larabawa ke kira arbun. Amana ta ilimi ta wajabta mini in faɗa cewa akwai saɓani. Imamu Malik ya buɗe Kitabul Buyu' na Muwaɗɗa da hadisin hani a kan cinikin arbun, kuma ya fassara shi da cewa mutum ya ba da wani abu bisa sharaɗin in ciniki ko haya ta tabbata a lissafa shi cikin kuɗi, in kuwa ya fasa ya zama na mai kaya. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya sun hana wannan, suna ganin cin dukiya ne ba tare da musaya ba. Imamu Ahmad kuwa ya halatta, yana ganin hadisin hanin bai inganta ba, yana kuma kafa hujja da abin da Nafi'u ɗan Abdul Haris, wakilin Sayyidina Umar a Makka, ya yi lokacin da ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya don a mayar da shi kurkuku, bisa sharaɗin in Umar bai yarda ba Safwanu zai sami wani adadi sananne. Majalisar Fiƙihu a zamanta na 8 a ƙasar Burunai cikin Yuni 1993 ta rinjayar da halacci, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira, ta kuma bayyana cewa ijara tana bin hukuncin ciniki a wannan babi.

Abin da nake gani, kuma shi na gaya wa mai tambaya, shi ne akwai hanyar da za ta fitar da shi daga saɓani gaba ɗaya. Abin da masu hani suka ƙyamata shi ne karɓar kuɗi a banza. To kada ka riƙe komai a banza. Ka karɓi kafin alƙalami a matsayin wani ɓangare na ladar aikin da aka riga aka ƙulla, wannan kuwa babu mai hana shi. Idan aka soke, sai ka zauna ka yi lissafi na gaskiya: nawa ka kashe wanda ba ya dawowa, nawa ne haƙƙin ma'aikatan da ka tara, wane aiki ne tabbatacce ya kuɓuce maka. Ka cire wannan, ka mayar wa mutum ragowar kuɗinsa. Idan Allah Ya kawo maka wani aikin ya cike gurbin ranar, to asararka ta ragu, sai abin da za ka riƙe shi ma ya ragu. Da haka ba ka ci haram ba a wurin Malik, ba ka ci ba a wurin Ahmad.

UZURI NA GASKIYA DA NA ƘARYA

Wani zai ce: Malam, kana magana kamar ba ka san yankin da muke ciki ba. A nan mutum yakan kwana da shiri ya tashi da wani. Wannan gaskiya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gari ya kwana a tsaye, aka rufe makarantu. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har tsawon watanni. Ba mu kuma manta da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba, lokacin da mai kuɗi a banki ya kasa biyan ɗan garuwa. Biki nawa aka ɗaga, gida nawa aka rufe aka gudu, a irin waɗannan kwanaki?

Shari'a ba ta rufe ido daga irin wannan ba. Hanafiyya sun faɗaɗa, suka ce ana warware ijara da uzuri mai ƙarfi, suna misali da wanda ya ɗauki mai dafa abincin walima sannan auren ya rushe. Sauran malamai sun ƙuntata, amma su ma sun yarda tana warwarewa idan amfanin da aka ƙulla a kansa ya gagara samuwa, kuma ɗaliban Mukhtasar na Shaihu Khalil sun san misalin wanda aka ɗauka cire haƙori sai ciwon ya lafa kafin a cire. Saboda haka wanda aka yi wa rasuwa, ko aka sace masa ɗan'uwa, ko hanya ta rufe, ko hukuma ta sa dokar hana fita, ba mai laifi ba ne, kuma bai kamata mai sana'a ya tsaya masa a wuya da maganar diyya ba. Abin da ya dace a nan shi ne a ɗaga aikin zuwa wata rana, ko a raba asarar kayan da aka riga aka kashe cikin fahimtar juna.

Amma fa a yi hattara. Musibar da ta sami yankinmu ta zama mayafin da wasu suke lulluɓe son zuciyarsu da shi. Mutum ya sami wanda zai yi masa aikin da rangwamen naira 2,000, sai ya kira na farko ya ce ai an ce hanya ba kyau. Wani matarsa ce ta sauya shawara, sai ya ce ai gari ba lafiya. Wannan laifi 2 ne a haɗe: saɓa alkawari da ƙarya, ga kuma tsorata jama'a da jita-jita a wurin da zukata suke a ɗar-ɗar. Haka nan kalmar "Allah bai yi ba". Haƙiƙa babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarawar Allah, amma Ahlus Sunna ba su taɓa yarda a kafa hujja da ƙaddara don a kauce wa haƙƙin da mutum ya tauye da zaɓinsa ba. Da mai sharar ne ya fasa maka gilashin taga ya ce Allah ne Ya ƙaddara, da ka karɓa? Kuma "in sha Allahu" da muke faɗa lokacin ƙulla magana neman taimakon Allah ne a kan cikawa, ba ƙofar baya ba ce da aka bari a buɗe don gudu. A lokacin da babu layin waya mutum yana da hanzarin cewa ya rasa yadda zai sanar. Yau da waya take aljihunsa, mantuwa sakaci ce, kuma sakaci ba ya kayar da haƙƙin wani.

SHAWARA GA MASU WANNAN SANA'A

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da nake ganin za su rage wannan ɓarna:

1. A fayyace komai tun farko: wane aiki, ɗaki nawa, nawa ne lada, wace rana, ƙarfe nawa, wa zai kawo ruwa da kayan wanki. Jahiltar aiki ko lada yana ɓata ijara a Shari'a, kuma shi ne tushen yawancin rigingimu.

2. A rubuta, ko da a ɗan littafin rasit ne, da boko ko da ajami. Wanda bai iya rubutu ba ya aika saƙon murya ta WhatsApp yana maimaita abin da aka yi, ɗayan ya amsa. In ba haka ba a yi maganar gaban shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta mu'amala da kafa shaida ta sauka.

3. A karɓi kafin alƙalami gwargwadon abin da zai ishi sayen kaya da rabin ladar ma'aikata, kada a saya da kuɗin aljihu ko da bashi.

4. A faɗi sharaɗin sokewa a fili kafin a rabu, kuma a yi shi hawa-hawa. Misali: wanda ya sanar kwana 3 kafin ranar a mayar masa da kuɗinsa cif, wanda ya sanar ana gobe a cire abin da aka kashe, wanda ya bari sai da aka zo ƙofarsa ya biya har da ranar ma'aikata. Sharaɗin da aka ɓoye sai bayan an fasa ba sharaɗi ba ne, kuma Shuraihu ya ɗora wa mutumin nan dirhami 100 ne domin da bakinsa ya yarda tun farko.

5. A kira waya ana jibi, a sake kira da yammacin ana gobe kafin a yi magana da 'yan garuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. A gabatar da ɗaga rana a kan riƙe kuɗi. Wanda ka ɗaga wa rana ya zama abokin hulɗa na shekaru, wanda ka yi wa tsanani kuwa sau ɗaya za ka gan shi.

7. Masu sana'a ɗaya a gari su san juna. Idan aiki ya kuɓuce wa wannan, wancan da aiki ya yi wa yawa ya miƙo masa. Su kuma riƙa jera ƙananan ayyuka marasa gaggawa, kamar wankin tanki ko darduma, waɗanda za a iya jawowa su cike ranar da ta faɗi.

8. Idan rigima ta taso a fara da sulhu a wurin limamin unguwa ko mai unguwa. In ta faskara, kotunan Shari'a suna nan a jihar Katsina, kuma neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne.

Na san za a ce wannan ba al'adarmu ba ce, yaro ya dubi idon Alhaji ya gindaya masa sharaɗi. Amsa ita ce, kunya alheri ce, amma wadda take sa a danne haƙƙin marayu da zawarawa rauni ce aka sa mata sunan kunya. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: tela yana karɓar kuɗin zare, magini yana karɓar na sumunti, mai hayar rumfa da kujeru ba ya sauke kaya sai ya ga wani abu a hannu. Me ya sa sai mai tsintsiya ne za a ce ya yi aiki da yarda kawai? Ana iya faɗin sharaɗi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, mutanen da nake ɗauka da ladar ranar suke cefane, shi ya sa muke yin haka da kowa." Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba.

KAI MA MAI SANA'A, KA JI TSORON ALLAH

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau nawa mai wanki ya karɓi kayan Sallah ya ce a zo jajibiri, aka zo aka tarar ko jiƙa su bai yi ba? Sau nawa mai shara ya karɓi aiki 2 a rana guda, ya tafi wurin mai tsoka, ya kashe wayarsa, ya bar masu biki da gida kaca-kaca ga baƙi a hanya? Ijara lazima ce a kan ɓangarori 2. Ma'aunin da kake so a auna maka da shi, da shi za ka auna wa mutane: in kai ka fasa a ƙurarren lokaci ba da uzuri ba, ka mayar da kuɗi nan take, ka nemo wanda zai maye gurbinka, ka ɗauki bambancin farashi idan ya taso.

Sannan diyyar da ka karɓa da sunan ma'aikata amana ce a hannunka, ba riba ba ce. Kada ka karɓi kuɗin ranar mata 3 daga maigida sannan ka ce musu aiki ya lalace, ku yi haƙuri. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi mai tsananin gargaɗi ga wanda ya ci gumin ɗan ƙodago, Ibnu Majah kuma ya ruwaito umurnin gaggauta biyansa. Kuma kada ka manta da falalar yafe wa wanda ya yi nadamar ciniki, wato iƙala, wadda Abu Dawud ya ruwaito hadisi a kanta. Idan wanda ya fasa talaka ne irinka, kuma ka ga alamar gaskiya a tare da shi, ka yafe naka kason, Allah Zai mayar maka. Amma kason ma'aikatanka ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi.

KAMMALAWA

Matashin nan bai gindaya sharaɗi ba, bai karɓi ko sisi ba, amma duk da haka haƙƙinsa bai faɗi ba, domin ijara ta ƙullu kuma ya miƙa kansa. Na ba shi shawara ya nemi wani dattijo da maigidan ke jin nauyinsa, su je tare, kada ya nemi dukkan ladar ko da yake yana da hujjar nema, ya tsaya a kan abin da ya kashe da ranar mutanensa. Ga maigidan kuwa, da duk wanda ya taɓa yin irin wannan a cikinmu, ina tunatar da mu cewa haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai an mayar ko an nemi yafewa. Duk wanda ya tuna wata mata da ya sallama daga ƙofar gidansa da tsintsiyarta a hannu, ya neme ta tun yau ya biya ta, tun kafin ranar da babu naira babu kwabo, sai dai a ɗebi lada a biya.

Ina kuma roƙon limamanmu da masu wa'azi a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su ba babin ciniki da ijara haƙƙinsa a majalisun karatu, kamar yadda suke ba babin tsarki da sallah, domin jama'a da yawa suna faɗawa cikin wannan ne saboda ba a taɓa gaya musu cewa zalunci ba ne.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya sanya albarka a cikin sana'o'inmu, Ya sa mu cikin masu cika alkawari. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.